Ku Tambayi Matafiyi: Dandalin Jama'ul Fana na Marakesh

Tun da na ambaci Marakesh, birnin nan na ƙasar Maroko, a wannan shafi watan jiya wasiƙu suke ta shigowa, kuma kusan dukkansu a kan wuri ɗaya suke, wato filin nan da ke bakin kasuwannin tsohon gari, wanda a taswira za ku ga an rubuta Jemaa el-Fna. Sau huɗu Allah ya kai ni birnin. Na tsamo wasiƙu biyar, sauran masu tambaya za su tarar da amsarsu a ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Maigidana zai je taro Kasabalanka, ya ce mu tafi tare, mu ware kwana biyu don Marakesh. Shi burinsa mu ci abincin dandalin nan, ni kuwa cikina ba ya son wasa. Ana cin abincin wurin a kwana lafiya? Kuma me za mu ci? Daga 'yarka, mai bin shafinka kullum.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya kai ku lafiya. Daga Kasabalanka tafiyar kamar awa uku ce a jirgin ƙasa. Ku ci abincin, amma ku fara ciyar da ido kafin baki.

Idan kun isa da hantsi za ki ce ƙarya aka yi miki. Fili ne fetal, rana ta buɗe, sai kekunan masu matse lemo a jere, da masu dabino da gyaɗar waje, da wasu tsofaffi a ƙarƙashin laima. Bayan la'asar ne za ki ga samari suna turo amalanken ƙarfe ta kowace kusurwa. Kafin a kira magariba sun kafa rumfuna, sun jera bencina, sun kunna fitilu, hayaƙin gashi ya turnuƙe sama. Kowace rumfa da lambarta. A gaban kowace kuma akwai yaro riƙe da takardar abinci, zai tare ku da Larabci, in ba ku kula ba ya juya Faransanci, ya koma Ingilishi. Aikinsa ke nan, da shi yake ci. Ki ce masa "la, shukran" da sakin fuska, ku wuce.

Ga abin da nake dubawa. Rumfar da ta tara komai a gaba, ɗanyen kifi nan, tsiren nama can, dafaffen kuskus da ganye duk a tule ƙarƙashin fitila, don baƙi aka yi ta, kuma ba ki san tun yaushe tulin yake zaune ba. Ni inda nake nema shi ne rumfar da abu ɗaya take yi, wadda za ki ga magidancin Marakesh da matarsa da 'ya'yansa sun matsu a benci, wasu na tsaye suna jiran wuri. Inda tukunya ke ƙarewa a sake ɗora wata, abinci ba ya kwana.

Ki fara da harira, miyar tumatir da ƙananan wake da ɗan nama da gari, wadda da ita suke buɗe-baki a watan azumi, tare da dabino da wani soyayyen abin zaƙi mai zuma da riɗi da suke kira shabbakiya. Tana tafasa a gabanki, ba ta da tsada, kuma ciki mai tsoro ma yana karɓarta. Akwai layin masu dodon-koɗi, suna zuba shi a ƙaramin kwano da romonsa mai ganyayyaki, a ba ki tsinke ki riƙa zaro naman. 'Yan gari romon suka fi so, musamman da sanyi. Wanda ransa bai kwanta ba ya wuce, ba dole. Akwai masu kan rago da aka turara har nama ya saki ƙashi.

Abincin da Marakesh ke tinƙaho da shi kuwa tanjiya ne, kuma kada ki rikita shi da tajin da ake ci a duk faɗin ƙasar. Sunan tulun da ake dafa shi ne ya bi abincin. A zuba nama a dogon tulun ƙasa, da tafarnuwa, da lemon tsami da ya jiƙu a gishiri, da za'afaran, da tsohon man shanu, a rufe bakin da takarda a ɗaure, a kai wa mai hura wutar gidan wanka na unguwa, ya binne shi a rushi ya bar shi sa'o'i masu yawa. Asalinsa girkin maza masu sana'a ne. Za ku same shi a wani ɗan lungu da ke arewacin fili, kusa da masu zaitun, inda kuma ake gasa rago sukutum a rami ƙarƙashin shago, a yanko miki da awo, a ba ki gishiri da wani kayan ƙamshi da suke kira kamun a takarda. Wannan na rana ne, ku je da azahar, domin zuwa la'asar sai ƙashi.

Abu uku na kiyaye ciki. Cokula da kofuna sau da yawa a bokiti ɗaya ake ɗauraye su dare guda, saboda haka ki wanke hannu ki ci da burodi yadda masu gari suke yi. Ruwa ki sha na roba wanda ke kika buɗe murfinsa. Lemo kuma a matse a gabanki, ba ƙanƙara.

Sai maganar kuɗi. Da kun zauna za a dire muku burodi da zaitun da ɗan kwanon miya ba ku tambaya ba. Yawanci ba kyauta ba ne, ana lissafa su. Zuwana na farko na ci a wata rumfa ban tambayi farashi ba, da aka kawo lissafi ya kusa ninka abin da na zata, kuma ba ni da ta cewa tunda na riga na ci. Tun daga ranar sai na ce "bishhal?", wato nawa ne, kafin a zuba, abin da ban so kuma in ce a ɗauke. Kuɗinsu dirhami ne, takardunsa 20, 50, 100 da 200, ku nemi canji ku riƙe ƙanana. Idan wata tsohuwa mai burodi ta ambaci adadin da ya razana ki, kada ki yi saurin zargi: har yanzu mutane da yawa da riyal suke ƙirga, kuma riyal 20 ne dirhami ɗaya.

Ku rufe daren a wurin masu manyan butocin jan ƙarfe a gefen fili, ku sha khudanjal, shayi mai zafin citta da kirfa da kanumfari. A tsaye ake shan sa.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce ma'anar sunan filin "matattarar matattu", wai don a nan ake fille kawuna. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibin tarihi.

AMSA: Ɗana, abin da masu yi wa baƙi jagora suka fi faɗa ke nan, kuma an taɓa zartar da hukunci a filin a zamanin da. Amma akwai bayanin da ya fi kama hankalina, kuma daga Timbuktu ya fito. Abdurrahman Sa'adi, mai Tarihus Sudan, wanda ya rayu a ƙarni na 17, ya kawo cewa Sarki Ahmadul Mansur, wanda ya yi mulki daga 1578 zuwa 1603, ya soma gina babban masallaci a wurin, da niyyar a kira shi Jami'ul Hana, masallacin kwanciyar hankali. Annoba ta shigo, sarkin ya rasu, gini ya tsaya ya zama kufai, sai mutane suka juya sunan ya koma Jami'ul Fana, masallacin da ya ƙare.

Filin ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Sarakunan daular Murabiɗai ne suka kafa birnin wajen 1070. Doguwar hasumiyar da za ka hango daga yamma ta masallacin Kutubiyya ce, ginin daular Muwahhidai na ƙarni na 12, tsawonta ya kai mita 77, kuma sunan daga masu sayar da littattafai ya samo asali, waɗanda suka taɓa yin kasuwa a gindinta. In ka ɓata a lungunan kasuwa, ita za ka nema.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe. Abokina ya dawo daga Marakesh da wani kwabo na tagulla mai tauraro, an rubuta 1288 a jikinsa, ya ce ya haura shekara ɗari bakwai. Ni ɗan kasuwa ne, ina tunanin in je in saro irin waɗannan kayan tarihi, da tsofaffin littattafan hannu, in riƙa sayarwa. Ina neman shawara. Daga ƙaninka.

AMSA: Alhaji, na gode da ka tambaya kafin ka sayi tikiti.

Kwabon abokinka na gaske ne, lissafinsa ne ya kauce. Sunansa falus. Tauraro mai tsini shida da ke jikinsa shi ne abin da suke kira hatimin Annabi Sulaimanu, shekarar kuwa ta Hijira ce. Mutanen Maroko da irin lambobin boko suke rubuta adadi, shi ya sa baƙo ke ruɗewa. Shekarar 1288 ta Hijira ta yi daidai da 1871, zamanin Sarki Muhammadu ɗan Abdurrahman, wanda ya mulki ƙasar daga 1859 zuwa 1873. Zuba su aka yi a mazubi, da yawa a haɗe kamar reshen itace, sannan a ɓalle su ɗaya-ɗaya, shi ya sa gefensu ba ya da santsi. Shekara ɗari da hamsin ba wasa ba ce, amma an yi su da yawan gaske, a kwano ake tara su a bakin shago. Haka riyalin azurfa mai hoton Mariya Tariza ta Ostiriya. Ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga tun daga lokacin 1780 aka ci gaba da rubuta masa, har wanda aka buga a zamaninmu. Shekarar da ke jikin ƙarfe ba ta isa shaida ba.

A tsakiyar filin kansa da wuya ka ga tsohon kaya na ƙwarai. Abin da ake shimfiɗawa a ƙasa tsaraba ce. Shagunan kayan da suna ciki, in ka bi ta Suk Sammarin ka nufi unguwar Muwasin da titin Darul Basha, kuma masu su sun san abin da ke hannunsu, ba za ka same su a bagas ba. Kasuwar gwanjo tana Babul Khamis, arewacin tsohon gari, ta fi cika ran Alhamis. Can za ka ga ƙofofin katako da aka ciro daga tsofaffin gidaje, da fitilu, da tire, da agogo, da tarkacen da ba shi da amfani, duk a cakuɗe.

Dole ka san cewa tsufar da kaya sana'a ce mai zaman kanta. Ana sassaƙa ƙofa bana, a shafa mata ƙasa da mai, a bar ta a rana, a huda mata ramuka kamar na ƙwaro. Dubi inda hannu ke taɓawa. Ƙofar da ta yi shekaru tana buɗuwa ta goge a wurin mariƙi da dokin ƙofa, sauran jikinta da sauƙi. Wadda aka tsufar kuwa ko'ina tsufanta ɗaya. Ramin ƙwaro karkacewa yake yi, na abin huda miƙe yake sambal. Manyan duwatsun wuya ruwan zuma da suke kira luban, akasarin na kasuwa roba ne. Kayan adon matan Barbar, 'yan asalin ƙasar, da za a ce maka azurfa ce tsantsa, da yawa farin ƙarfe ne da aka haɗa. Darduma, roƙi mai shago ya zare maka zare ɗaya daga baya ya kusanta da ashana: gashin tunkiya yana ƙaurin ƙonannen gashi ya murmushe, na roba narkewa yake ya dunƙule. Duwatsun nan masu siffar ƙwarin teku na zamanin da, na gaskensu daga yankin Alnif da Arfud suke fitowa a kudu maso gabas, amma ana zuba na jabu a mazubi, in ka duba da kyau za ka ga 'yan ƙananan ramukan iska a jiki.

Ba ina ce maka mutanen banza ba ne. Maƙerin da ke Suk Haddadin, da majemi, da marini, da mai sassaƙa, gwanaye ne, kuma fitilar da aka ƙera makon jiya tana da kyau don kanta. Abin da ke ɓata ciniki shi ne labarin da ake ɗora wa kaya. Ka sayi abu don aikin da ke jikinsa, ka biya kuɗin aiki. Kafin ka shiga kasuwa ka biya ta cibiyar masu sana'ar hannu da ake kira Ensemble Artisanal a titin Muhammadu na Biyar, inda farashi yake rubuce, don ka san inda za ka fara tayi. Ka sani duk wanda ya rako ka shago yana da la'ada, kuma daga aljihunka za ta fita. Shayin da aka ba ka bai wajabta maka saye ba. Amma in ka taya aka sallama, ka biya, domin janyewa bayan sallama abin kunya ne a wurinsu. Kuma ka karɓi rasidi mai bayanin kayan da sunan shago.

In kuwa kayan tsohon gaske ne, to ka shiga wata matsalar. Maroko ta kafa doka a 1980, mai lamba 22-80, kan kare wuraren tarihi da kayan tarihi, kuma ba a fitar da irin waɗannan kaya sai da izinin ma'aikatar al'adu. Akwai kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucinsu tsakanin ƙasashe. Kwastan na iya riƙe kayan a filin jirgi, kuɗinka ya tafi, kai kuma ka sha tambayoyi.

Littattafan hannu kuwa, Alhaji, roƙonka nake yi ka bar su. A wani shago na ga an jera ganyayen Dala'ilul Khairati ɗaya-ɗaya a cikin gilashi, an yanko su daga littafi guda, domin warwatse ya fi kawo kuɗi. Tawadar ja da baƙa tana nan raɗau, gefen takarda ya yi duhu saboda yatsun wanda ya yi shekaru yana karantawa. Na fita ban iya cewa komai ba. Imamu Jazuli da ya wallafa littafin yana kwance a wannan gari, haka Alƙali Iyal mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149. A garin nan ne kuma aka tsare Ahmad Baba na Timbuktu, wanda aka kawo a 1594 bayan rundunar Mansur ta ci Songhai, kuma cikin abin da ya koka da shi har da littattafansa 1,600 da aka wawashe. Duk ganyen da ka saya, ka ba wani dalilin yanka littafi na gaba. In fatauci kake so, ga jakunkunan fata, ga takalma, ga fitilu, ga darduma sababbi, ka yi sari da hannun wanda ya yi su.

TAMBAYA: Malam, ni dattijuwa ce, zan tafi da jikata budurwa. Na ji labarin girgizar ƙasa, na ji na bam. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata Hajiya.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Duka biyun sun faru. Ran 28 ga Afrilu 2011 bam ya tashi a gidan shan shayi na Argana da ke kallon filin, mutum 17 suka rasu. Ran 8 ga Satumba 2023 da dare girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta auku a lardin Alhauz, cikin duwatsun Atlas, ta ci kusan mutum 3,000, akasarinsu a ƙauyukan kan dutse. A filin, hasumiyar wani ƙaramin masallaci ta rufto, jama'a suka yi ta kwana a fili da barguna don tsoron komawa ɗaki. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Na koma bayan haka, na tarar kasuwa na ci, akwai kuma ofishin 'yan sanda masu kula da baƙi a bakin filin.

Abin da zai dame ku ƙanana ne. Jaka a gaba cikin cunkoso. In kika ji an ce "balak!" ki raɓe, jaki ne ko babur ke tafe. Masu lalle sukan kama hannun yarinya su fara zane kafin ta amsa, sannan su nemi kuɗi mai yawa, don haka jikarki ta riƙe hannunta. In tana so, a yi ciniki tukuna, kuma ta guji baƙin lalle, domin ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ke iya sale fata ya bar tabo. Masu wasa da maciji, da masu sayar da ruwa a salka cikin jajayen kaya da faffaɗar malfa, duk wanda kika ɗauka hoto zai nemi haƙƙinsa. Birai masu sarƙa a wuya kuwa, kada ku bari a ɗora muku, kada ku biya. Daga dazukan Atlas ake kamo su suna ƙanana, irinsu na ƙarewa, har an sa su a jerin dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2016. Ku guji watan Yuli da Agusta, zafi kan wuce digiri 40. In ƙafa ta gaji, ku hau saman bene a ɗaya daga gidajen shayi, ku kalli komai daga can.

TAMBAYA: Baba, dare ɗaya tak nake da shi a garin. Me ba zan bari ya wuce ni ba? Daga ɗanka, direban babbar mota.

AMSA: Halka, ɗana. Da'irar mutane ke nan da ke kewaye mai wasa ko mai ba da labari. Saboda ita UNESCO ta ayyana filin a 2001 cikin gadon ɗan Adam da ba a taɓa shi da hannu, bayan fafutukar da marubucin Sifaniya Juan Goytisolo, wanda ya zauna a Marakesh har rasuwarsa a 2017, ya yi tare da 'yan garin don kada gine-ginen zamani su cinye wurin. Za ka ga 'yan Ginawa da gurminsu mai tsirkiya uku da ƙarafan da suke kaɗawa a hannu, zuriyar bayin da aka ƙetaro da su Sahara. Za ka ga makaɗan Barbar, da masu tsalle-tsalle, da masu magani.

Masu hikaya su ne suka yi ƙaranci, tsofaffin na tafiya, hayaniya kuma ta yi yawa. In ka ga da'irar da ba ganga, mutane sun yi tsit sun miƙa wuya, matsa can. Na taɓa tsayawa a irinta bayan isha. Tsoho ne da jallabiya mai hula, da 'yar fitila a ƙasa, da sanda. Larabcinsu na gida yake yi, abin da na tsinta bai fi rabi ba. Sai da ya kai inda aka zare takobi, ya tsaya cak, ya ɗaga hannu ya sa kowa ya yi wa Annabi salati, ya bi da'irar yana karɓa yana sa albarka. Yaron da ke kusa da ni, da alama daga wurin aiki yake, ya lalubo dirhami ɗaya ya ba shi. Tsohon ya koma tsakiya, ya gyara tsayuwa, ya ɗora daga inda takobin ya tsaya.

Ka tanadi tsabar dirhami a aljihun gaba, ka ci harirarka da wuri, ka isa wurin kafin da'irar ta cika.